Ragon Shafin Farko

Tun da aka kafa garin Gure ba a taɓa yin aikin da ya kusantar da shi da sauran duniya kamar gyaran da aka yi wa kantin Turken Muniyo ba. In aka ɗora zuwan kwalta da zuwan wutar lantarki a gefe ɗaya na ma'auni, aka ɗora gyaran nan shi kaɗai a ɗaya gefen, to shi zai rinjaya. Alhaji Mainasara, shugaban ƙungiyar masu kiwon turke, shi ya faɗi haka a gaban taro, kuma babu wanda ya musa, domin shi ya sayo lemon da ake sha.

Turken Muniyo kanti ne marar ƙofa, marar rumfa. A cikin intanet yake. Wani foroje na taimakon makiyaya ne ya buɗe wa ƙungiyar shi shekarun baya, ya ba su odinata ɗaya, wato kwamfuta, da kujeru, ya yi gaba. A cikin kantin akwai hotunan raguna da awaki da ƴan bijimai, kowanne da kuɗinsa a ƙasa. Masu saye galibi ƴan Gure ne da ke aiki a Damagaram ko Yamai ko can Libiya, waɗanda ke son ragon layya ya isa gidan iyayensu ba tare da kuɗin ya bi ta aljihun ƙani ba.

Kantin yana aiki, sai dai ba ya gaggawa. Hoton rago daga sama yake buɗewa. Ƙaho ya fara fitowa, sannan kunnuwa, mutum ya tashi ya yi alwala ya dawo ya tarar an iso gwiwa. In ya ga wanda ya yi masa ya danna, sai rubutu ya fito: "Ana tambayar mai shi." Daga nan aikin ya koma hannun Hawa, sakatariyar ƙungiya, wadda za ta nemi mai dabbar a salula. Mai dabbar kuwa yana iya kasancewa a Bune ko bayan Gidigir, inda salula ba ta kama rezo sai an hau tudun rairayi an fuskanci gabas. In an same shi, bayan an gaisa an tambayi iyali da dabbobi da ruwa, sai ya ce ɗaya daga cikin biyu. Ko ya ce albarka, wato kuɗin bai kai ba, Hawa ta koma wa mai saye ya ƙara, ko ya ce ya sallama. Rago ɗaya yakan ci mako. Babu wanda ya taɓa kuka da haka, domin a kasuwar dabbobi ma haka ake yi, bambancin kawai a can ana shan rana.

Ragon da ke shafin farko, wanda duk mai shiga kantin yake fara gani, ba na sayarwa ba ne. Na Rakiya ne, yayar Alhaji Mainasara, wadda ta goya shi yana jariri kuma har yanzu ba ta ga wani babban canji a tare da shi ba. Tabarmin kaba take saƙawa. Tun rasuwar mijinta ba ta yi layya ba, sai dai duk shekara ta je gidan ƙanenta ta taya wankin hanji. Bana ta ƙudura za a yanka da sunanta a tsakar gidanta. Ta sayo ɗan balami a Gamu yana ƙarami, fari fat da baƙi kewaye da ido ɗaya, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa da ruwan kanwa har ya zama in ya tsaya a bakin zaure ba a wucewa. Unguwa duka ta san da maganar. Ta riga ta raba shi a baki: wannan cinya ta gidan liman ce, wannan ta ɗiyarta da ke aure a Bune.

Alhaji ne ya ari hotonsa. Duk dillalin da ya san aikinsa yana ɗaure mafi kyau a gaba, ko ba na sayarwa ba ne. Wanda ya taya sai a ce masa albarka, a ja shi ciki a nuna masa waɗanda ake son rabuwa da su.

"Hoto dai ko?" in ji Rakiya a lokacin. "Ku ɗauka. Hoto ba ya cin dusa."

Da yake kantin ba ya karɓar hoto sai da kuɗi a ƙasa, Hawa ta rubuta kuɗin ƙaramar tinkiya, don ya ja ido. Ya kuwa ja. Kowa shi yake fara dannawa, Hawa ko kiran Rakiya ba ta yi, sai ta ce albarka a madadinta, ta tura wa mutum hoton wani. Ragon nan ya sayar da rabin ragunan ƙungiya bai bar turkensa ba.

Ana nan sai Sufiyanu, babban ɗan Alhaji, ya dawo daga Yamai da takardar digiri a kan odinata da kuma gemu ɗan siriri. Ya nemi aiki a can, aikin bai neme shi ba. Ranar da ya fara buɗe kantin mahaifinsa a salularsa, ya jira hoton ya iso wuya, ya ajiye salular a hankali kamar mai ajiye abin da ya mutu.

"Baba, wannan ba kanti ba ne. Asibiti ne. Mutum ya zauna yana jiran a kira shi."

"Amma ana saye."

"Ana saye duk da haka. A duniya yanzu, shafin da bai buɗe cikin sakan uku ba, masu saye tafiya suke yi."

"Su tafi ina?"

"Wani kantin."

"Akwai wani kantin ragon Gure ne?"

"Babu. Amma suna tafiya."

Wannan magana ta hana Alhaji sakewa. Ya yi ta tunanin tarin mutanen nan da bai taɓa gani ba, suna juya wa kantinsa baya suna tafiya inda ba a sani ba da kuɗinsu a hannu. Ya kira taro, ƙungiya ta damƙa wa Sufiyanu aikin.

A yi wa Sufiyanu adalci, ya iya abin da ya karanta. Ya rage nauyin hotuna ba tare da sun dushe ba, har rago ya riƙa fitowa gaba ɗaya, ƙaho da wutsiya lokaci guda. Ya cire kiɗan algaita da ke tashi in an shiga. Ya cire jawabin maraba na shugaba, wanda sai an gangara ƙarshensa ake ganin dabba. A nan an ɗan yi ja-in-ja, aka daidaita a kan hoton Alhaji zai zauna, amma ƙarami, a kusurwa. Kantin ya yi sauƙi. Har masu tsohuwar salula suka fara yabawa.

Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma Sufiyanu ya auna ya ga duk abin da ya rage bai kai komai ba in aka gwada da wuri ɗaya, wurin nan na "Ana tambayar mai shi." A nan ne lokaci yake mutuwa.

"Wannan matakin zai fita," ya ce wa Hawa. "Mutum ya danna, ya biya ta salula, shi ke nan."

"To in mai shi bai sallama ba fa?"

"Wanda ya sa dabbarsa a kanti, da kuɗi a ƙasa, ai ya riga ya sallama."

Hawa ta duba maganar ta ga tana da ma'ana, musamman da yake daga aljihunta take sa katin kiran Bune da Gidigir. Aka aika wa masu dabbobi kowa ya faɗi kuɗinsa na ƙarshe, suka faɗa, kowa ya ɗan ƙara saboda halin rayuwa. Ba a aika wa Rakiya ba. Ba ta cikin masu sayarwa, me za a tambaye ta? Ragon shafin farko kuwa kowa ya saba ganinsa har ya zama kamar allon kanti, babu wanda ya tuna akwai kuɗi a ƙarƙashinsa. Sufiyanu ya ƙara wani layi da jan rubutu, "Kaiwa har gida kyauta," domin an koya musu yana ƙara ciniki.

Aka sa bikin buɗe sabon kantin ana saura ƴan kwanaki Babbar Salla. Aka kafa rumfa, aka aro babban talabijin, aka gayyato ƴan rediyon gari. Babban baƙo shi ne Mushe Alhasan, daraktan forojen nan da ya buɗe kantin tun farko, wanda ya zo daga Yamai a motarsa kat-kat don ya ga ko ƙungiyar ta cancanci kashi na biyu na taimako. A wurin ne Alhaji ya yi jawabin kwalta da lantarki. Bayan shi Sufiyanu ya tashi ya yi bayani da Faransanci, ya maimaita da Hausa wadda rabinta Faransanci ne, sannan ya roƙi babban baƙo ya gwada da hannunsa.

Mushe Alhasan ya gyara tabarau, ya fito da salularsa, aka haɗa ta da talabijin. Kantin ya buɗe kafin a ƙifta ido. Ragon shafin farko ya cika allo, fari fat. Darakta ya dubi ragon, ya dubi kuɗin, ya sake duban ragon. Shi ma ɗan ƙasa ne, ya san rago. Ya danna, ya sa lambar sirrinsa, rubutu ya fito: "An sallama. Mun gode."

Aka yi tafi. Alhaji ya fi kowa tafi, har sai da Hawa ta sunkuyo ta yi masa magana a kunne. Ya ci gaba da tafin, sai dai hannuwan ba sa haɗuwa sosai.

"Kun ga abin da zamani ke yi," in ji Mushe Alhasan cikin makirufo. "Rago irin wannan, a wannan kuɗi. An cire dillali, an cire jira, mai kiwo ya amfana, mai saye ya amfana. Da shi zan yi layya, kuma zan faɗa a rahotona." Ya tura wa matarsa hoton nan take, ya ce a sa masa ragon a kamiyon kaya da zai tashi zuwa Yamai da safe.

Bayan la'asar Alhaji ya tafi gidan yayarsa, Sufiyanu na biye. Suka tarar ta gama yi wa ragon wanka da sabulu, tana zaune tana saƙa, shi kuma yana shan ranar yamma yana tuƙa.

"Yaya, sannu da gida."

"Alhaji da kansa, da babbar riga. Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To me kake so?"

Alhaji ya zauna a kan turmi. Ya yi maganar zafi, ya yi maganar tsadar gero, ya yabi tabarmar da take saƙawa, abin da bai taɓa yi ba. Rakiya ta ajiye kaba ta zuba masa ido. Da ya ga hanya ta ƙare sai ya ce Sufiyanu zai yi bayani.

"Gwaggo, an ɗan samu kuskure a kanti. An sayi ragonki."

"An taya dai."

"An saya. An biya."

"To a ce wa mutumin albarka."

"Wurin da ake cewa albarka shi muka cire."

"Don me?"

"Yana ɓata lokaci."

"Lokacin wa?"

Sufiyanu ya soma bayanin sakan uku da mutanen da ke tafiya. Ta bar shi ya kai tsakiya, sannan ta juya ga ƙanenta.

"Kai, Mainasara. Hoto ka ara. Ka kai wa mutumin hoton."

"Yaya, darakta ne. A gaban jama'a ya saya, an faɗa a rediyo."

"Ku ba shi wani. Ga raguna nan cike da gari."

"Ba zai yiwu ba, Gwaggo," in ji Sufiyanu. "Hoton ya fito sosai. Har baƙin idon nan ana gani." Bai iya ɓoye ɗan alfaharin da ke cikin muryarsa ba.

"Ku mayar masa da kuɗinsa."

Alhaji ya share gumi. Ya ce in aka mayar, darakta zai tambayi dalili, in ya ji dalili zai rubuta, in ya rubuta kashi na biyu ya tafi, da babur ɗin da aka yi wa ƙungiya alkawari, da aikin da ake sa ran za a ba Sufiyanu. Ban da wannan, mutumin da ya tsaya ya ce gyaran kantin ya fi kwalta da lantarki, da wace fuska zai shiga masallaci in aka ji ragon yayarsa ya sayar ba ta sani ba?

"Da wadda ka shigo nan da ita," in ji Rakiya. "To ina kuɗin? In sayi wani ko gurgu ne."

A nan ma akwai ƴar matsala. Kuɗin sun shiga asusun ƙungiya da saurin da ba a taɓa gani ba, amma ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji. Ma'aji, Malam Husseini, yana Makka. Sai bayan Salla zai dawo, in ya huta, in ya gama karɓar masu barka. Kuma ko sun fito yau, kuɗin tinkiya ne, a makon da rago ke tsada kamar da zinariya aka yi ƙahonsa.

Akwai rago a gidan Alhaji, babba. Tunaninsa ya je kansa, ya tsaya a bakin turken, ya dawo. Shugaban masu kiwon turke ba ya wayar garin Salla babu rago, wannan ba don kansa ba ne, don mutuncin ƙungiya ne.

"Ki zo mu yi tare, Yaya. Ai gida ɗaya ne."

"Na san gidan. Na san inda ake wankin hanji."

Ragon ya miƙe, ya yi miƙa, ya zo ya sa hanci a cikin kabar da ke cinyarta. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya yadda ɗansa ba zai ji sosai ba.

"Yaya, ki rufa mini asiri."

Ta daɗe tana kallonsa. Gemunsa ya yi fari, ya je Makka, yana da hoto a kusurwar intanet, amma zaman da ya yi a kan turmin nan ta san shi tun yana tsere wa makarantar allo ya zo ya ɓuya a bayanta.

"Ku tashi," ta ce. "Lokacin ba shi ruwa ya yi."

Suka tashi. A hanya Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara hula.

"Ka ji ko? Ta sallama."

"Ban ji ta faɗa ba, Baba."

"Ai kai ka ce ba a buƙata."

Da safe Alhaji ya raka darakta Gidigir ganin wasu masu kiwo, Sufiyanu kuma ƴan rediyo suka gayyace shi ya yi wa jama'a ƙarin bayani. An turo mutum biyu su tafi da ragon, ya kafe ƙafafu ya ƙi motsi, har ya kai ɗaya ƙasa. Rakiya ta yafa mayafi, ta kama igiyar, ya bi ta salin-alin. Ta bi da shi ta bayan gari, don kada ta ratsa unguwa.

A tasha kamiyon ya kusa cika. Direban, Inusa, ya zagaya ragon yana gyaɗa kai.

"Iya, wannan ai wurin biyu zai ci. Na darakta ne ko? An faɗa mini. Sai kuɗin mota."

"An ce kyauta ne."

"Kyauta ga darakta. Ni motata gazuwal take sha."

"Ƙungiya ce za ta biya."

"Ƙungiya ta zo ta biya, ga ni. Amma in na gama ɗaure tanti na tafi."

Ta ba shi lambar Alhaji ya kira. Babu rezo. Ya kira Sufiyanu, salular a kashe, ko da yake ana jin muryarsa tangaran daga rediyon mai shayi, yana cewa yanzu daga dannawa zuwa mallaka babu abin da ke tsakani. Ya kira Hawa, ta ce ita ba a bar mata komai ba, a jira shugaba.

"To Iya, ya za a yi? In bar shi?"

Rakiya ta dubi ragon. Igiyar tana hannunta, hanyar gida kuma a buɗe take, babu wanda zai ce laifinta ne. Ta tsaya haka har Inusa ya fara jan tanti. Sannan ta juya baya ga mutane, ta kwance bakin zanenta, inda ta ƙulle kuɗin itace da kayan yaji da ladan mahauci, ta miƙa masa.

"In kun kai Maraɗi ka ba shi ruwa," ta ce. "Ba ya shan mai sanyi."

Inusa ya ce to, ya zura kuɗin a aljihu, ya kira a kama masa ƙafafun baya.